Akuyar Ranar Sunana

Ku matso kusa, ’yan’uwa, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Wata a cikinku ta rubuto mini tana cewa, “Zuhaira, kullum Almustafa, Almustafa, to ina maganar auren ta kwana?” Baiwar Allah, ga amsarki. Waɗanda yau suka fara shigowa kuma, sunana Zuhaira, ɗinki nake yi a Tanout, gidanmu yana Gangara, kuma ba ta hanyar aure aka same ni ba. To, na faɗa.

A takardar haihuwata, inda ake sa sunan uba, wurin fayau yake. Ranar da na fara shiga lekol, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe ya ɗaga murya ya ce, “Zuhaira Raliya!” Aji ya fashe da dariya, don Raliya sunan mace ne, sunan uwata. Tun daga ranar na iya sunkuyar da kai. Na ji kalmar nan da kuke tunani a bakin rijiya, na ji ta a gidan biki, na ji ta a bakin yaran da ko wanke hancinsu ba su iya ba.

Inna kuwa ba ta taɓa faɗin ko wane ne ubana ba. An dake ta, an sa tsofaffi sun lallashe ta, an kai ta gaban malamai, ba ta buɗe baki ba. Ba ta yi aure ba. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa suna da biki, ta zauna a tsakar gida tana saƙar tabarma har yatsunta suka yi kanta. Ba a yanka mini rago ba, ba a raba goro ba. Kakana Baba Audi shi ya raɗa mini suna a kunne, shi kaɗai. Abin da na tashi da shi nawa na kaina shi ne wata jar akuya da ’ya’yanta. “Awakin Zuhaira,” haka ake ce musu. Duk wadda ta haihu, Baba Audi zai wasa aska ya tsaga kunnen ɗan da kansa: na dama a raba bakinsa biyu, na hagu a ɗebe ɗan gefe daga ƙasa. Babu mai irin wannan tsaga a Gangara. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, “Ke dai je ki ba su ruwa.”

Ƙawata Nafisatu, wadda ke aiki a meri, ofishin magajin gari, ta sha kwantar mini da hankali. “Doka ba ta ce ke rabin mutum ba ce. Makaranta, asibiti, katin ɗan ƙasa, duk haƙƙinki ɗaya da na kowa. In kuma uban ya fito ya amsa, akwai hanyar da ake bi a sa sunansa.” Limamin unguwarmu ma ya taɓa faɗa a wa’azi cewa jariri ba ya ɗaukar laifin kowa. Duk na ji, na kuma gode. Amma ba doka ba ce ke zuwa neman aure, dangi ne.

Almustafa fitilu da faifan sola yake sayarwa a kasuwar Tanout. Danginsa makiyaya ne na wajen Belbeji. Riga ya kawo in rage masa hannu, ya dawo wai na rage da yawa, ya sake dawowa wai maɓalli ya cire. Na ce masa, “Malam, rigar nan ta gaji, ka faɗi abin da ke tafe da kai.” Tun kafin magana ta yi nisa na gaya masa ko ni wace ce, ina kallon ƙasa, ina jiran in ji takunsa ya tafi. Sai ya ce, “To, sai me? Ke kika aike su?” Wallahi a ranar na fara son sa da gaske.

Sai dai mahaifinsa ya rasu, kuma mai faɗa a ji a gidansu shi ne ƙanen mahaifin, Baffa Rissa, dillalin raƙuma. Mutum ne da ba ya gama magana bai ce “asali” ba. Shi ya ce ba za a kai gaisuwa ba sai yayarsa, Gwaggo Kaltuma, ta zo Gangara ta ga gidanmu da idonta. Aka sa ranar kasuwa.

Da hantsi saƙon Almustafa ya shigo.

“Mun taso daga Belbeji, ni da Gwaggo da Baffa Rissa. Ki kwantar da hankalinki.”

Na rubuta, “Ka gaya musu?”

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: “Bari a ɗaura tukuna. In an ɗaura babu mai kwancewa.”

Kun ji maza. Mai cewa “to, sai me” a ƙofar shago, ga shi ya zama ɗan tsako a gaban baffansa. Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ma ya kama ni, don na san tsoron rasa ni ne.

A gida kuwa Iya Hawa, yayar Inna, ta riga ta karɓe ragamar komai. Ta aro darduma mai furanni daga maƙwabta, ta sa an share tsakar gida an yayyafa ruwa, ta turara ɗaki har ido yana yaji. Ta sa na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗinka da kaina, na yafa farin mayafi, ga lalle ya kama ram a tafin hannuna. Ta dama fura da nono a sabuwar ƙwarya, ta jera dabino a faifai. Sannan ta jawo ni lungu.

“Ki buɗe kunnenki. Ubanki sunansa Sule. Ɗan ci-rani ne. An ɗaura aurensu a ƙauye, ya tafi Libiya, ya rasu a hanya kina ciki. Maimaita.”

“Iya, garin nan kaf an san…”

“Su ba ’yan garin nan ba ne! Kafin su ji, kin haifa musu biyu. Ke Zuhaira, shekarunki nawa? Wa ya taɓa sallama a ƙofar nan dominki? Ko so kike ki ƙare a kan tabarma irin ta uwarki?”

Inna tana zaune a bakin ɗaki da kaba a hannu, ta ji komai. Ba ta ɗago ba. Kada ku zagi Iya Hawa, don Allah. Ita ta yi ta dambe da matan unguwa saboda ni tun ina ƙarama. Ƙaryar ma don so ta ƙirƙiro ta.

Wajen azahar muka ji sallama. Almustafa ya rako gwaggonsa har ƙofa ya koma, don saurayi ba ya wuce zaure. Ya turo mini cewa Baffa Rissa ya tsaya a kasuwar dabbobi, wai yana da ciniki, wai kuma ƙafarsa ba ta son tafiya cikin unguwa. Ban kawo komai a raina ba.

Gwaggo Kaltuma doguwa ce, siririya, ta lulluɓa da baƙin zane mai shuni wanda ya rine mata goshi da yatsu. Azurfa a wuyan hannu, takalmin fata, idanu irin na wanda ya saba hango abu daga nesa. Hausarta a hankali take fita, kalma bayan kalma. Aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobi da ruwa. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar fura a gabanta. Ta ɗauki ludayi, ta motsa, ta kalle ni sama da ƙasa.

“Ɗiyar wa ce ke?”

Iya Hawa ta yi caraf. “Ai marainiya ce, Hajiya. Ubanta Sule…”

“Ba ke na tambaya ba.”

Sule yana kan harshena, wallahi saura kaɗan. Sai na waiwaya na ga Inna a bakin ƙofa. Matar da aka daka saboda ni, wadda ta haɗiye duniya ba ta taɓa cewa da ma ba ta haife ni ba. In na ce Sule, na ce kenan rayuwarta abin ɓoyewa ce, ni ma abin ɓoyewa ce. Kuma in yi ta zama a gidan miji ina firgita duk ranar da baƙo ya zo daga Gangara.

Na ce, “Gwaggo, ni ɗiyar Raliya ce, ga ta can. Ba a yi aure ba aka haife ni. Ban san ubana ba.”

Iya Hawa ta dafe kai ta ce, “Innalillahi.”

Gwaggo Kaltuma ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta mayar da ludayin cikin ƙwarya, ko ɗigo ba ta kai baki ba, ta tura ƙwaryar gefe da bayan hannunta.

“Kin yi gaskiya, Allah ya ba ki ladanta. Allah ya ba ki miji. Amma ba a gidanmu ba. Rissa ba zai tsaya a gaban mutane ya karɓi auren da ba a san wanda za a ambata ba. Ku ba ni buta in yi alwala, hanya da nisa.”

Shi ke nan. Amma baƙuwa baƙuwa ce, na tashi na cika buta na yi mata jagora zuwa bayan gida, hawaye yana sauka a kan farin mayafina, ban ko share ba.

A bayan gidanmu akwai bishiyar aduwa, a ƙarƙashinta ake ɗaure awaki. Baba Audi yana nan zaune a kan buzunsa kamar kullum, ido ya yi rauni, yana ɓare musu kowar wake. Gwaggo ta miƙo hannu za ta karɓi butar, sai hannun ya tsaya a iska. Ta wuce ni. Ta kama wata jar akuya ta murɗo kanta, ta shafa kunnen dama, ta shafa na hagu. Ta sake ta, ta kama wata. Ta kama ɗan da bai daɗe da fara cin ciyawa ba, shi ma ta duba.

“Tsoho,” ta ce, muryarta ta sauya, “wa ya ba ka wannan tsaga?”

Baba Audi ya karkato kai wajen muryar. “Ba tawa ba ce. Ajiya ce.”

“Wannan tsagar gidan ubana ce. Daga nan har Aderbissinat babu mai yin ta sai mu. Wa ya sayar maka?”

“Ban saya ba, baiwar Allah. Zauna, tsayuwa ba ta yi.”

Ba ta zauna ba. Ni ma ina tsaye da buta a hannu kamar wadda aka dasa.

Ya ce, “A da, in an gama girbin hatsi, akwai makiyayan da ke sauka a gonata. Dabbobinsu su ci kara, su bar mini taki, mu ba su hatsi su ba mu nono da cuku. Tun zamanin ubana haka muke da su. Shekarar da aka haifi yarinyar nan suka sauka a gonar wani can nesa, ba sallama, ba dalili. Ranar da ta kwana bakwai, babu wanda ya tako ƙofar nan. Na fito da sassafe zan tafi masallaci, sai na tarar da ’yar akuya ja, mai farin goshi, ɗaure a turken ƙofa. Ga sawun raƙumi ya yi arewa. Na shafa kunnenta, na gane gidan, amma ban san wanne ne cikin samarinsu ba. Uwarta ta ƙi magana, ni kuma ba zan ɗora wa mutum abin da ban gani ba. Sai na ce, to, zan riƙe masa tsagarsa. Duk abin da ta haifa na yi masa irinta, ko Allah zai kawo mai ido.”

Gwaggo Kaltuma ta dafa aduwar. “Mai farin goshi,” ta ce a hankali. “Ƙafarta ta baya ɗaya fara?”

“Ta hagu.”

“Tawa ce.” Ta juyo ta kalle ni, idonta ya kaɗa. “Uwarta ta mutu, da hannuna na shayar da ita. Na wayi gari babu ita. Rissa ya ce mini dila ya ɗauke ta, har ya nuna mini inda wai ya ga jini. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.” Ta nuna kunnen akuyar. “A wurinmu, ranar suna uba ke ba ɗansa dabba mai tsagar gida. Ba a ba ɗan wani. Ko da wasa ba a yi.”

Butar ta suɓuce daga hannuna, ruwa ya malale a ƙafafuna. Rissa. Baffa Rissa mai asali. Mutumin da nake ta addu’a Allah ya sa ya yarda da ni.

Ban san lokacin da Inna ta zo ba. Tana tsaye a bakin katanga, kabar tana hannunta har yanzu, Iya Hawa a bayanta baki buɗe.

Gwaggo ta ce, “Raliya. Rissa ne?”

Inna ta ce, “Ban taɓa faɗa ba. Yau ma ba ni na faɗa ba.”

“Don me, ƙanwata? Don me kika ɗauka ke kaɗai?”

“Ya ce in jira shi bayan damina, zai turo manya. Da farko na rufa masa asiri ne don kada a ɓata abin kafin ya zo. Da na gane ba zai zo ba kuma…” Ta ɗaga kafaɗa. “Mutumin da ya kasa ambaton sunana a gaban ubansa, ban ga dalilin da zan ɓata bakina da nasa ba.”

Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana irin wannan ba. Na je na rungume ta, ƙamshin kaba da hayaƙi a jikinta, na yi kukan da na daɗe ina tarawa.

Gwaggo Kaltuma ta ce wa Iya Hawa, “Kawo mini furar nan.” Aka kawo. A tsaye ta ɗaga ƙwaryar ta sha, ta sha sosai, ta goge baki. Ta miƙo mini hannu. “Zo nan, ɗiyar ƙanena.”

’Yan’uwa, na san kuna jira in ce na faɗa jikinta. Ban faɗa ba.

Na ce, “Gwaggo, ki gafarce ni. Ni ce dai ta ɗazu. Wadda kika ture furarta. Ban ƙara tsawo ba, ban canja hali ba. Ashe sai akuya ta yi mini shaida kafin in zama mutum?”

Iya Hawa ta mintsine ni. Hannun Gwaggo yana nan a miƙe. Ba ta janye shi ba.

Ta ce, “Na ji kunya, kuma ta dace da ni. Amma akwai wanda ya fi ni cancantar wannan tambaya, yana can kasuwa yana duba haƙoran raƙuma.” Ta sunkuya ta kwance igiyar jar akuyar. “Shi ya ce ba ya karɓar auren da ba a san uba ba. To, yau zai san shi. In ya amsa, ƙafarsa ƙafata har meri, a cike wurin nan da aka bari a takardar haihuwarki. In ya musa, ya musa wa kunnen nan a gaban dillalai ’yan’uwansa, su da suka san tsagar kowa. Riƙe igiyar, mu je.”

Ranar kasuwa, Gangara kaf tana can, har da matan bakin rijiya. Ban sani ba ko zan dawo da uba, ko zan dawo babu uba babu miji. Ban ma sani ba ko ina son sunan mutumin a jikin nawa. Na miƙa hannu zan karɓi igiyar, sai wani hannu mai kanta ya riga ni.

Inna ce. Ta ajiye kabar a ƙasa. Ta zare farin mayafin daga kafaɗata, don ita ba ta da na fita, ta yafa.

“Ba ita za ta ja ba,” ta ce. “A ƙofata aka ɗaure kakarta. Ni zan mayar masa.”

Matar da tun kafin in yi wayo ba ta taka kasuwa ba, ita ce a gaba, akuya tana bin ta, Gwaggo a gefenta, ni da Iya Hawa a baya. Baba Audi yana ta kiran a kawo masa sandarsa. Muna fita zaure waya ta yi ƙara a hannuna. Almustafa ne.

“Yaya ake ciki? Baffa ya ce in kun gama Gwaggo ta fito, sauri yake, yana son barin garin nan tun da rana.”

Na share idona da gefen zane, na rubuta masa:

“Ka ce ya jira. Inna ta jira shi, shi ma ya jira. Ga mu nan.”